Maganin ƙwari a jikin shimfiɗa: yadda masu kwana a dajin Amurka ke tsare kansu daga kaska

A arewa maso gabashin Amurka, da zarar sanyi ya janye wajen watan Afrilu ko Mayu, dubban mutane kan fara shirin fita daji. Ba farauta ke kai su ba, ba kuma kiwo ba. Yawon shan iska ne: mutum ya goya jaka a baya, ya yi ta tafiya a ƙasa cikin tsaunuka da kurmi, ya kwana inda dare ya riske shi. Wasu kwana biyu suke yi su koma aiki, wasu kuwa sukan shafe wata biyar ko shida a kan hanyar tsaunukan Afalashiya, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Men.

Kafin su bar gida, da yawansu sukan yi wani aiki da zai ba baƙo mamaki. Sai ka ga mutum ya shanya wandonsa da safarsa da shimfiɗarsa a bayan gida, yana bin su da feshin maganin ƙwari har su yi danshi. Abin da yake tsoro bai kai ƙwayar gero girma ba: 'yar kaska ce.

Wannan dabara tana aiki, kuma bincike ya tabbatar da hakan. Sai dai tana da sharuɗɗa: irin maganin, da ƙarfinsa, da wurin da ake sa shi. Wanda ya ji labarin sama-sama ya je ya kwaikwaya da maganin gona yana iya jawo wa iyalinsa abin da ya fi cizon kaska muni.

Gadon da ake ratayawa

Shimfiɗar da ake magana a kanta ita ce wadda Faransawa ke kira hamac, mu ce gadon lilo. Ƙyalle ne mai tsawon kamar mita uku, ana tattare bakinsa biyu a ɗaura wa bishiyoyi biyu, mutum ya kwanta a tsakiya yana reto kamar ƙwarya a ragaya. Asalinsa na mutanen tsibiran Karibiyan ne da Kudancin Amurka. A wurinsu Turawa suka gan shi a zamanin Kolombos, daga nan matuƙan jiragen ruwa suka ɗauke shi suka yi ɗaruruwan shekaru suna kwana a kai.

Na yanzu da ƙyallen nailan marar nauyi ake ɗinka shi, ana iya dunƙule shi ya koma kamar ƙullin kwakwa. Mai kwana a daji yakan haɗa shi da abubuwa uku: igiyoyi masu faɗi da ake zagaya wa bishiya, da sange wato gidan sauro da ke rufe sama, da tamfol da ake shimfiɗawa bisa duka saboda ruwa. Idan da sanyi, sai a rataya wani bargo a ƙarƙashi.

Amfaninsa a fili yake. Mutum ya rabu da danshin ƙasa da duwatsu da ƙwarin da ke yawo cikin busassun ganyaye. Amma yana da rauni biyu. Na farko, ƙyallen siriri ne ƙwarai, bayan mutum kuma yana manne da shi, don haka sauro yana iya cizo ta ƙasa ko da an rufe sange ruf. Na biyu, rabuwa da ƙasa da dare ba ta hana kaskar da ta hau wando tun da rana ta shiga gadon tare da mai shi.

Cutar da ta sa aka damu

A shekarar 1975 aka lura da yara da dama a yankin garin Layim na jihar Konetikat suna fama da kumburin gaɓoɓi, abin da ba a saba gani ga yara da yawa haka ba. Iyaye mata ne suka matsa wa hukumomin lafiya har aka fara bincike. A farkon shekarun 1980 wani masani mai suna Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar cutar a cikin kaska, aka sa wa ƙwayar sunansa, ita kuma cutar aka kira ta da sunan garin.

Yau cutar Layim ce kan gaba a cikin cututtukan da ƙwari ke yaɗawa a Amurka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 476,000 ne ake yi wa maganinta kowace shekara. Takan fara da masassara da ciwon kai da kasala. Mutum 70 zuwa 80 cikin ɗari sukan ga wani jan tabo yana faɗaɗa a wurin cizon, tsakanin kwana 3 da kwana 30. Idan an gane ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta na 'yan makonni yakan warkar da ita. Idan aka bar ta, tana iya taɓa gwiwoyi da jijiyoyi da zuciya, wani ma rabin fuskarsa ya shanye.

Kaskar da ke ɗauke da ita ana ce mata mai baƙaƙen ƙafafu. Babbarta kamar ƙwayar riɗi take. Amma wadda ta fi yin ɓarna ita ce matsakaiciya, da ba ta gama girma ba, wadda ke yawaita daga Mayu zuwa Yuli, daidai lokacin da jama'a ke fita daji. Ƙanƙantarta ta sa mutum zai iya ɗaukarta a matsayin ɗigon datti, cizonta kuma ba ya zafi, domin yawunta na kashe jin ciwo a wurin.

Akwai kuma wata kaskar a kudanci da gabashin ƙasar, mai farin ɗigo a baya, wadda cizonta kan sa jikin wasu ya daina karɓar jan nama. Mutum ya ci naman sa ko na rago da dare, bayan 'yan sa'o'i jikinsa ya fashe da borin jini, wani har numfashinsa ya sarƙe. A 2023 hukumar CDC ta ce mai yiwuwa waɗanda abin ya shafa sun kai 450,000.

Ta ƙasa take hawowa

Kafin a gane dalilin feshin, sai an san yadda kaska ke samun mutum. Ba ta da fukafukai, ba ta tsalle irin na ƙuma, kuma ba ta faɗowa daga saman bishiya kamar yadda mutane da yawa ke zato. Hawa take yi kan tsinken ciyawa ko ƙaramin reshe, yawanci ƙasa da gwiwar mutum, ta riƙe da ƙafafun baya, ta miƙa na gaba tana jira. A jikin ƙafafun gaban nan akwai wata gaɓa da take jin numfashi da ɗumi da warin jikin dabba da ita. Duk abin da ya gogi ciyawar, barewa ce ko kare ko ɗan Adam, sai ta maƙale. Ba banza ake mata kirari da raɓi mai jini ba.

Daga takalmi ko ƙafar wando take fara tafiya sama, tana neman wuri mai laushi da ɗumi: bayan gwiwa, matsematsi, ƙugu, hammata, bayan kunne, cikin gashi. Tafiyar takan ɗauke ta mintuna da yawa, wani lokaci sa'o'i. Shi ya sa wanda ya tsinci kaska a kansa yake ɗauka daga sama ta faɗo.

Wannan doguwar tafiya a kan tufafi ita ce lagonta. Idan ƙyallen da take takawa yana da guba, ba za ta kai ga fata ba.

Wane magani ne

Sunansa fermetirin, a jikin kwalba kuma za a ga an rubuta perméthrine da Faransanci. Yana cikin dangin magungunan da aka ƙera ta hanyar kwaikwayon gubar wani fure mai suna firetirum, wanda a da ƙasar Kenya ta daɗe tana kan gaba wajen nomansa. Gubar furen tana kashe ƙwari nan take, amma rana na lalata ta cikin 'yan sa'o'i. A farkon shekarun 1970 wasu masana ƙarƙashin Michael Elliott a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila suka haɗa fermetirin, wanda ya fi jure wa haske. Amurka ta ba da izinin amfani da shi a 1979, a 1990 kuma aka amince a sa shi a kakin sojoji. Tufafin da aka jiƙa da shi tun daga masana'anta sun shiga kasuwa ga kowa a 2003.

Jijiyoyin ƙwaro yake kamawa. Yana hana wasu ƙananan ƙofofi na jijiya rufewa bayan sun buɗe, sai jijiyar ta yi ta aika saƙo babu tsayawa, ƙwaron ya rikice, ya shanye, ya mutu. Kaskar da ta taka ƙyalle mai maganin takan yi kamar ta taka garwashi, ta saki ta faɗi. Gwajin da masanan CDC suka wallafa a 2018 ya nuna cewa minti ɗaya zuwa biyu a kan irin wannan ƙyalle ya isa ya hana kaska tafiya yadda ta saba.

Ga ɗan Adam kuwa, kaɗan ne ke ratsa fata, wanda ya shiga kuma hanta na saurin narkar da shi. Saboda haka ne likitoci ke ba da shi a matsayin man shafawa mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari don ƙazuwa, da mai kashi 1 cikin ɗari don kwarkwata. Waɗannan na likita ne, daban aka haɗa su. Na feshin tufafi ƙarfinsa rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, wato kashi 0.5, kuma ba a shafa shi a jiki. Ko an shafa ma ba zai daɗe yana aiki ba, tunda fata na lalata shi. A jikin zare yake kamawa ya zauna.

Ya bambanta da man korar sauro mai sinadarin DEET. Shi wannan a fata ake shafa shi, korar ƙwaro yake yi na 'yan sa'o'i, kuma yana cin roba da wasu ƙyallayen zamani. Fermetirin ba ya cin nailan, ba ya wari bayan ya bushe. Masu shiga daji sukan haɗa biyun: ɗaya a tufafi, ɗaya a hannuwa da wuya.

Yadda suke fesa shi

Ana yin aikin a waje, inda iska ke wucewa amma ba ta kaɗawa da ƙarfi, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Mai feshin yakan sa safar hannu ta roba, ya juya wa iska baya don kada ya shaƙa. Ba a fesa wa tufafi suna jikin mutum.

Tufafi ake fara yi wa, domin su ne hanyar kaska. Takalma da safa da wando su ne kan gaba, sai riga da hula. Ana rataye kowanne, a riƙe kwalbar kamar santimita 15 zuwa 20 daga ƙyallen, a bi shi a hankali kamar daƙiƙa 30 kowane gefe, har ya yi danshi sosai amma ba ya ɗiga. Ana ƙara kulawa da bakin ƙafar wando da ƙugu da bakin hannun riga da wuya. Riga da wando da safa kan cinye kimanin mililita 130. Kamfai da sauran tufafin ciki ba a yi musu.

Daga nan sai gadon. Ana ɗaura shi kamar za a kwanta, a buɗe shi, a fesa wa bayansa, wato gefen da ke kallon ƙasa, inda sauro ke sauka. Sai sange, idan ba mai magani ba ne tun asali. Sai igiyoyin da ke zagaye bishiya, domin su kaɗai ne gadar da ta haɗa gadon da waje, ta nan kuma tururuwa da sauran masu rarrafe ke bi. Mutane da yawa sukan manta da jakar baya, alhali ita ake ajiyewa a kan ciyawa duk lokacin hutu, a kuma sake goya ta. Ita ma ana yi mata, haka nan ɗan ƙyallen da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin gado don ajiye takalma.

Tamfol na sama ba ya buƙata. An shafe shi da abin hana ruwa shiga, maganin ba ya kama shi, gangarewa kawai yake yi ya zuba a ƙasa.

Bayan feshi ana barin kaya su bushe a inuwa na aƙalla sa'a biyu, ko huɗu idan da raɓa a iska. Feshi ɗaya yakan yi kimanin mako shida ko wanki shida, duk wanda ya riga zuwa. Rana da cuɗa a wurin wanki su ne ke cinye shi, shi ya sa ake ajiye kayan cikin baƙar jaka, a kuma wanke su su kaɗai. Tufafin da aka jiƙa a masana'anta masu su na cewa suna kai wanki 70.

Abin da bincike ya nuna

A jami'ar Rod Ayiland an yi wani gwaji da aka wallafa a 2011, inda aka saki kaskar da ba ta da cuta a jikin mutanen da suka yarda, wasu sanye da tufafi masu magani, wasu marasa shi. Waɗanda takalmansu da safarsu ke da magani, yiwuwar cizonsu a ƙafa ta ragu fiye da sau 70. Riga da gajeren wando su ma sun taimaka, amma ba su kai haka ba. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani na hawowar kaska daga ƙasa.

Wani binciken da aka wallafa a 2014 ya bi ma'aikatan gandun daji na jihar Karolina ta Arewa har shekara biyu. A shekarar farko tufafin da aka jiƙa a masana'anta sun rage cizon kaska da kashi 82 cikin ɗari. A shekara ta biyu, da tufafin suka sha rana da gumi da wanki, kariyar ta sauko zuwa kashi 34. Ma'ana, mutum na iya sanye da wandon da yake ganin yana tsare shi alhali ƙarfin maganin ya tafi, kuma ba abin da zai nuna masa a ido.

Waɗanda yake cutarwa

Kyanwa, wato mussa, ita ce ta farko. Hantarta ba ta iya narkar da fermetirin yadda ta mutum ko ta kare ke yi. Idan ta lashi ɗanyensa ko ya jiƙa mata gashi, sai ta kama karkarwa da farfaɗiya, tana iya mutuwa. Dole a nisanta ta daga wurin feshi har kayan su bushe.

Kifi da sauran halittun ruwa su ma kaɗan ke kashe su. Ba a yin feshi kusa da tafki ko rijiya, ba a wanke kaya masu magani a cikin gulbi, ba a zubar da ragowarsa a magudanar ruwa. Yana kuma kashe ƙudan zuma, don haka ba a yin aikin kusa da amya ko itatuwa masu fure.

Ga mutum, ɗanyensa na iya sa ƙaiƙayi ko zafi-zafi a fata, da raɗaɗi a ido da maƙogwaro. Wanda ya zuba masa a jiki sai ya wanke da sabulu da ruwa mai yawa. Bayan ya bushe a ƙyalle, hukumar kare muhalli ta Amurka ta duba tufafin masana'anta, ta ce ba ta ga alamar wani babban haɗari ga masu sa su ba, har da yara da mata masu ciki.

Ba baƙon abu ba ne a gidajenmu

Duk wanda ya taɓa kwana cikin sange mai magani ya riga ya yi amfani da wannan dabara. Manya za su tuna lokacin da ake jiƙa sange a cikin kwano da ƙwayar magani duk bayan 'yan watanni. Daga baya aka kawo wanda maganinsa ke daɗewa. Sangen Olyset, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince da shi a 2001, fermetirin ne aka cuɗa a cikin zarensa. Na PermaNet kuma ɗan'uwansa ne a ciki, mai suna deltametirin. A watan Disamba na 2005 Nijar ta raba sange kimanin miliyan biyu a tare da rigakafin shan inna, rabon da ke cikin manya na farko a nahiyar Afirka.

Kaska ma ba baƙuwa ba ce. Duk mai bisashe a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san yadda take cika kunne da hantsa da ƙarƙashin wutsiyar dabba da damana, ya kuma san kircin da ke biyo bayan cizon babbar kaska mai zane. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tana ɗauke da cututtukan mutane.

Cutar Layim ta ƙasashen sanyi ce, ba ita ce damuwar Sahel ba. Namu biyu ne da ya kamata a sani. Ta farko ita ce masassarar zubar jini ta Kirimiya da Kwango. Kaskar da ke yaɗa ta ita ce mai dogayen ƙafafu masu zobba, wadda ake gani a jikin shanu da raƙuma da tumaki. Dabbar da ke ɗauke da cutar ba ta nuna alamar ciwo. Mutum na kamuwa ta cizon kaska, ko ta murtsuke ta da yatsu, ko ta taɓa jinin dabba wurin yanka. OMS ta ce cutar na kashe 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu, kuma ta ɓulla a Moritaniya da Senegal a lokuta daban-daban. Makiyaya da mahauta da dillalan dabbobi da ma'aikatan lafiya su ne a bakin gaba.

Ta biyu masassara ce mai tafiya tana dawowa. Wata kaska mai laushin jiki da ke zaune a ramin ɓera, har a cikin ɗakunan kwana, ita ke kawo ta. Da dare take fitowa, ta sha jini na 'yan mintuna, ta koma rami ba tare da mutum ya ji ba. Masu bincike a ƙauyen Dielmo na Senegal sun nuna tana cikin manyan dalilan masassara a can, an kuma same ta a Mali da Moritaniya. Sau da yawa ana ɗaukarta a matsayin masassarar cizon sauro.

Akwai wani abin lura game da kaskar raƙumi. Ita ba ta zama kan ciyawa tana jira, bin dabba take yi da gudu a ƙasa. Wani gwaji da aka yi a Masar, aka wallafa a 1994, ya nuna cewa idan ta taɓa ƙyalle mai fermetirin bai kai ya kashe ta ba, takan ma yi saurin cizo. Don haka alƙaluman da aka samu a kan kaskar Amurka ba za a ɗora su kai tsaye a kan tamu ba. Tufafi masu magani taimako ne, amma kada su sa mutum ya saki jiki a garke ko kasuwar dabbobi.

Gudun gara, faɗawa gidan zago

Ko a Amurka akwai masu neman sauƙin kuɗi, su sayi fermetirin na dabbobi mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari su sirka da ruwa su jiƙa kayansu. Hukumomi ba su yarda da hakan ba. Yawancin magungunan dabbobi da na gona an narkar da su ne cikin wani ruwa dangin kananzir, wanda ke ƙona fata, ya bar wari, kuma ba a gwada su don abin da mutum zai kwana a kai ba. Kuskuren awo kaɗan na iya ninka ƙarfin maganin sau da yawa.

A kasuwanninmu haɗarin ya fi haka. Feshin tufafi mai kashi 0.5 ba kasafai ake samunsa ba, abin da ke ko'ina shi ne piya-piya da magungunan gona da na wankin dabbobi, wasu a kwalaben da ba su da rubutu. Piya-piya ba dangin fermetirin ba ne ko kaɗan. Gubarsa mai suna dikulorbos tana ratsa fata, tana kuma tashi a iska a shaƙe ta, ta kama jijiyoyin mutum kamar yadda take kama na ƙwaro. Alamunta su ne zubar miyau da gumi da amai da ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Yara ƙanana sun fi saurin faɗuwa. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da shaguna saboda yawan mace-macen da ake samu.

Saboda haka, maganin da aka yi don wake ko auduga ko wankin saniya ba ya hawa katifa ko tabarma ko zanen goyo ko sange. Mai sayen maganin ƙwari ya duba abubuwa uku a jikin kwalba: sunan sinadarin, da ƙarfinsa, da abin da aka ce a yi da shi. A ƙasashen ƙungiyar CILSS, har da Nijar, kwamitin CSP ne ke ba magungunan ƙwari izini, kuma wanda ya samu izinin yana ɗauke da lambarsa. Sangen da aka raba a likita kuwa ya zo da maganinsa, ba ya buƙatar ƙari. Abin da yake so shi ne a wanke shi da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa, a ɗinke inda ya yage.

Duba jiki kafin barci

Gogaggun masu kwana a daji ba sa dogara da feshi shi kaɗai. Sukan bi tsakiyar hanya su guji doguwar ciyawa, su tura ƙafar wando cikin safa, su sa tufafi masu haske don a ga abin da ke tafiya a kai. Kowane dare kafin su shiga gado sukan duba jikinsu da fitila. Dalili shi ne ƙwayar cutar Layim yawanci ba ta shiga jini sai kaska ta wuce sa'a 24 a manne. Idan sun koma gida sukan yi wanka cikin sa'a biyu, su sa tufafin a na'urar busarwa mai zafi na minti goma, domin bushewa da zafi na kashe kaska fiye da ruwan wanki.

Wannan ɓangaren ba ya buƙatar ko dala, kuma ya shafi duk wanda ya wuni a gona ko garke ko kasuwar dabbobi, musamman gabanin Layya da raguna ke cika gidaje. A duba yara a kunne da ƙeya da cikin gashi.

Idan an ga kaska a manne, a samu hantsaki ko matsefata mai siririn baki, a kama ta daf da fata, a ja ta sama a hankali ba tare da murɗawa ba. Kada a ƙona ta da ashana, kada a zuba mata kananzir ko mai, kada a matse cikinta, domin duk waɗannan na iya sa ta zubo abin da ke cikinta a cikin raunin. A wanke wurin da hannuwa da sabulu. Ita kuma kada a murtsuke ta da farce, ko daga jikin mutum aka cire ta ko daga jikin dabba. A jefa ta a wuta ko a cikin kwalba mai murfi.

Sannan a riƙe ranar da abin ya faru. Idan masassara ko ciwon kai mai tsanani ko tabo a fata ko haɓo ya biyo baya cikin makonnin da ke tafe, a tafi likita ba tare da jinkiri ba, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa kaska ta yi cizo. Idan ba a faɗa ba, da wuya ya yi tunaninta, musamman da damana da kowace masassara ake dangana ta da sauro.